Ni da Angonki Ciwonmu Ɗaya

Ummi, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da zuciya mai cike da murna. Allah Ya fitar da ke daga Tarai lafiya, Ya kai ki Rurum lafiya, Ya sa ki shiga ɗakinki da ƙafar dama.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naki. Dalilin shi ne gidan nan ya cika da mata, wannan na daka, waccan na tankaɗe, ga 'yan lalle, ga 'yan jere suna ta kai da kawowa. Muryata kuma kin san yadda ta koma, ko a gidan da ba kowa sai an matso ake ji. Ranar da za a kawo ki gabana don in yi miki faɗa, na san kalma biyu zan yi guɗa ta danne sauran. Shi ya sa nake zama da hantsi, in magani ya kama jikina, in rubuta abin da ya samu. In kin ga baƙaƙen suna ƙanƙancewa can ƙarshen layi, ki yi haƙuri, ke ce malamar makaranta, kin saba karanta wanda ya fi wannan muni.

Tun da aka sa rana na kasa zama wuri ɗaya. Shekaranjiya na hau acaɓa har kasuwar Kibiya, ni kaɗai, na zaɓo hular da zan sa. Innarki ta ce ta yi mini yarinta. Na ce ai ranar yaro ne ni.

Abin da ya fi sa ni zumuɗi shi ne ina da abin ba ki wanda ba kowane uba ke da shi ba. Sauran iyaye suna aurar da 'ya'yansu ga mutumin da ba su san cikinsa ba. Ni kuwa ciwon makyarkyatar da ke jikina shi ne a jikin Malam Nura. Na san abin da zai ji da asuba kafin ya sha magani. Na san abin da zai ɓoye miki, domin na ɓoye wa Innarki irinsa. Na riga shi bin hanyar, na faɗa ramukanta, don haka bari in nuna miki inda suke.

Lokacin da abin ya fara kina makarantar kwana. Ina jan motata ta haya daga Kibiya, in bi ta Rano, in sauke a Kano, in juyo da lodi. Babban yatsan hannuna na hagu ne ya soma motsi shi kaɗai, kamar mai jan carbi. In na kama sitiyari sai ya daina, in na zauna hutawa sai ya dawo. Sai na koyi cusa hannun a aljihu. Wata rana ina cin tuwo Innarki ta zuba mini ido, ta ce, "Malam, hannun nan fa?"

Na ce, "Sanyi ne."

Ta ce, "Sanyi da bazara?"

Na ɗaure fuska, ba ta ƙara tambaya ba. Na ɗauka na yi dabara. Ashe ita tana kwana da abin a ranta, ni ina kwana da shi a nawa, kowa na tsoro shi kaɗai. Da na buɗe baki tun ranar, da mun raba nauyin.

Nura ya fi ni wayo a nan, bai taɓa ɓoye ciwonsa ba. Amma ki sani akwai ranar da jiki zai yi masa nauyi ya ce miki lafiya lau. Kada ki tsare shi da tambaya kamar alƙali, kada kuma ki yi shiru irin na Innarki. Ki faɗi abin da idonki ya gani, ki ce, "Na ga yau ƙafar tana ja," sannan ki ci gaba da aikinki. In kin bar ƙofar a buɗe zai shigo da kansa.

Motar kuwa a Rano na ajiye ta. Ranar kasuwa ce, na cika da fasinja, muna dab da tasha sai wata mata ta ratso titi da tunkiyarta. Idona ya gan ta, zuciyata ta ce taka birki, ƙafata ta tsaya tana shawara. Allah Ya kiyaye, na tsaya har gaban motar yana shafar zanenta. Wata dattijuwar Bafulatana da ke zaune a bayana da ƙwaryar nononta ta dafa kujerata, ta ce, "Direba, ka gaji. Ka je gida." Ba faɗa ta yi ba, a hankali ta faɗa. Na sauke mutane, na kira wani abokin aikina ya mayar da motar, ban sake zama a bayan sitiyari ba. Kamata ya yi in ajiye tun kafin ranar, da kaina, ba sai na kusa ɗaukar rai ba.

Wannan ciwo yana karɓar abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Nura ya riga ya ajiye babur, keke yake hawa zuwa lambu, kuma abin mamaki a kan keke ya fi ni da ke iya tafiya. Wata rana keken ma za a jingine shi. In lokacin ya matso, kada ki zama mai ƙwacewa, domin namiji yana daɗewa bai manta wanda ya ƙwace masa abu ba. Ki kai maganar gaban likita, a yi ta ku uku. Amma in kin ga ran wani ko nasa yana cikin haɗari, ki faɗa ko da zai yi fushi. Fushin zai wuce.

Bayan na zauna a gida na ɓata lokaci mai yawa ina neman wanda ya yi mini. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska ce na taka a hanya. Na sha jiƙe-jiƙe har cikina ya ɗaure, na shaƙi hayaƙi har labulen ɗakina ya canza launi. Addu'a ba mu bar ta ba, ba kuma za mu bari ba, ita ce ta riƙe ni. Amma neman mai laifi bai rage mini rawar hannu ba, sai dai ya hana ni barci. Ke ma za a kawo miki ƙulli-ƙulli a Rurum, kowa da wanda ya warkar da ƙanin kakansa. Masu kawowa ƙauna ce ta sa su. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, amma kada wani abu ya shiga bakinsa sai likitansa ya sani.

Kuskuren da ya fi cutar da ni kuwa mai daɗi ne, shi ya sa na daɗe ban gane shi ba. Innarki ta ɗauke mini komai. Ita ke ɓalla mini maɓalli, ita ke ɗaure mini zariya, ita ke zuba mini ruwan alwala, har cokali ta so ta riƙa kai mini baki. Ni kuma na miƙe ƙafa ina jin daɗi, ina cewa Allah Ya ba ni mace. Na daina zuwa masallaci don kada a kalle ni, na daina zama a dakali. Kafin in farga jikina ya sandare kamar icen da aka manta a rana. Juyi a kan gado ma ya zama aiki. Da kika gama karatu kika dawo, kika tsaya a bakin ƙofata kika ce, "Baba, gobe za mu Kano." Na kawo uzuri iri-iri, kika ce kin riga kin yi magana da mai mota. Kin ga amfanin sa wa 'ya sunan uwa, ba a yi mata musu.

Ranar nan ba na gajiya da tuna ta. Muna zaune a layin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, aka kira sunana, na miƙe, na zo bakin ƙofa sai ƙafafuna suka kafe. Kina ja na ta hannu, ma'aikaciyar tana cewa in shigo, mutane na kallo, gumi yana keto mini. Sai wani saurayi da ke zaune a gefe ya taso, hannunsa na dama yana rawa irin nawa. Ya ce miki, "Malama, daina jansa, ja yana ƙara kafe shi." Ya ari sandar wani tsoho, ya shimfiɗa ta a ƙasa a gabana, ya ce, "Baba, manta da tafiya. Sandar nan kawai za ka tsallake."

Na ɗaga ƙafa na tsallake. Sai ga ni a tsakiyar ɗakin likita, har na kusa wuce kujerar. Na juyo ina dariya, rabona da dariya har na manta. Na ce, "Yaro, wane ne malaminka?"

Ya ce, "Ciwon ne malamina, Baba. Ya riga ya kama ni tun ban kai ko'ina ba."

Da muka fito yana nan yana jiranmu. Ya ce sunansa Nura, malamin gona ne a Rurum. Da ya ji daga Tarai muke sai ya ce ashe 'yan gida ne. A mota ɗaya muka dawo har Rano, yana ta koya mini abubuwa, ni kuma ina lura da cewa bayanin nawa ne amma rabin kallon ba nawa ba ne. Ke kuma da ba kya son hira a mota, ranar ba ki yi gyangyaɗi ba. Direba ne ni, Ummi. Na yi shekara da shekaru ina kallon mutane ta madubi.

Daga likita da masu gashin jiki na asibiti da Nura na koyi zaman duniya sabo. Na koma ɓalla maɓallina da kaina, ko da zai ɗauke ni tsawon shan kunu. Wanda ya gagare ni, Innarki ta kai wa tela ya buɗe wuyan rigar. Na koma taka ƙasa kullum da safe har bakin gonar Baffanki, ina wurga hannuwa kamar soja, yara na dariya ina taya su. Na koma karatun Alƙur'ani da ƙarfi bayan asuba don muryar ta buɗe. Kofi rabi nake cikawa, in sha sau biyu. In zan tashi daga kwance sai na zauna tukuna jiri ya wuce. Ruwa da zogale da gwanda suka warware mini ciki. Ranar da na koma sahu a masallaci, liman da ya sallame ya juyo ya riƙe hannuna mai rawar, ya daɗe bai saki ba.

Don haka ga roƙona, kuma shi ne mafi wuya a kan mai ƙauna. In kin ga mijinki yana fama da maɓalli, ki sa hannuwanki a bayanki. Ki bar shi. In ya nemi taimako ki yi masa, in bai nema ba ki ba shi lokaci. Duk abin da kika ɗauke masa yau, gobe jikinsa zai manta yadda ake yi. Ku riƙa shirin fita da wuri, domin gaggawa da idon mutane su ne ke kafe mu.

Maganar magani kuma, sau biyu na yi wauta. Ta farko, da na ji sauƙi sai na ce na warke, na ajiye ƙwayoyin ban gaya wa kowa ba. Kin tuna yadda aka ɗauke ni kamar gungume aka sa a mota. Likita bai yi mini da sauƙi ba, ya ce wannan magani ba a yanke shi kai tsaye, yin haka yana iya kai mutum lahira. Ta biyu, na riƙa haɗa shi da abinci mai nauyi. In sha ƙwaya in bi ta da tsire ko ɗan wake ko fura da nono, sannan in zauna ina cewa maganin jabu ne. Ashe nama da wake da nono suna tare masa hanya. Yanzu ina ba shi tazara kafin in ci, kamar yadda aka tsara mini, sai ya kama sosai. Ke amarya ce, na san za ki so ki nuna masa hannunki a girki. Ki nuna, amma ki san lokacin maganinsa kamar yadda kika san lokacin salla, ki tsara tukunyarki a kansa. Kada ku bari ya ƙare kafin ku nemo wani, domin ba kullum ake samunsa a kusa ba. In azumi ya zo ku tambayi likita, ku tambayi malamai. Addinin nan bai matsa wa mara lafiya ba, mu ne muke matsa wa kanmu don kunyar mutane.

Yanzu bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Da magabatan Nura suka aiko, Baffanki Haladu ya same ni a zaure. Kin san shi yayana ne, ba ya rufe magana. Ya ce, "Sale, kana da hankali kuwa? Yarinya ta gama jinyar uba, ka miƙa ta jinyar miji? Wasu sun hana shi 'yarsu, kai ne za ka bayar?"

Ban ji haushinsa ba, domin tambayar tana raina kafin ya yi ta. Na aika aka kira Nura. Na ce masa, "Ni da kai ba ma yi wa juna ƙarya. Ka san inda abin nan yake tafiya."

Ya ce, "Na sani, Baba. Ba ya komawa baya. Na gaya mata komai, har na kai ta gaban likita ta yi tambayoyinta ba na wurin. Ba zan yi mata alkawarin lafiya ba, ba a hannuna take ba. Abin da zan iya shi ne ba zan kwanta in bar mata kaina ba muddin ina iya tashi. Kuma ba zan hana ta aikinta ba."

Sannan na tambaye ki, kin tuna, kina yi mini yankan farce. Kika ce, "Baba, masu lafiyar ma ba a ba su takardar gobe ba. Shi na san nasa, kuma na ga yadda yake ɗauke da shi. In kai Inna ba ta yi asara da ta zauna da kai ba, ni ma ba zan yi ba." Na kai wa Baffanki maganarki yadda take. Ya ce a ba shi lokaci. Ashe Rurum ya tafi da kansa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya samu Nura a lambu yana nuna wa manoma yadda za su raba irin albasa, hannu na rawa, baki na aiki, mutane sun kewaye shi. Ya dawo ya ce mini, "Ni zan yi walicci. Kada ka ba kowa." Jiya ma shi ya zo yana faɗa wai goron da aka sayo bai yi girman da yake so ba.

Ba zan yaudare ki ba, uwata. Akwai shekaru masu nauyi a gaba. Ni kaina na fi bara jinkiri, maganin da yake kai ni azahar yanzu yana sakina kafin nan. Shi ya sa zan gaya miki kuskurena na ƙarshe, wanda ya shafe ki kai tsaye. Na shagala da jikina har ban ga Innarki tana ƙarewa ba. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa Madachi wurin 'yan uwanta, ta daina saƙar da take so. Sai da ta kwanta ciwo na gane cewa mai jinya ma mutum ce. Kada ki yi haka. Ki riƙe koyarwarki, na ji daɗi da aka mayar da ke makarantar can. Ki yi ƙawaye, ki je suna, ki je biki. In kin gaji ki ce kin gaji, ba butulci ba ne. In 'yan uwansa sun miƙo hannu ki karɓa, kada ki ce ke kaɗai kika iya. Kuma kada ciwon ya zama shi ne hirarku safe da yamma. Ku yi faɗa a kan gishiri ya yi yawa, ku shirya, kamar kowane miji da mata. Shi mijinki ne, ki ba shi girmansa, ki nemi shawararsa, ki bar shi ya ɗauki nauyin gidansa. Ba majiyyaci aka kai ki wurinsa ba.

In an cire albasa ina nan zuwa. Na gaya wa Nura ya tanadi keke na biyu, ya ce sai likita ya yarda. Za mu gani.

Saura abu ɗaya. Ciwon nan yana ɗaure fuska. Mutum yana murna a ciki, fuskar tana nan kamar an yi masa mutuwa. Za ki dafa abin da ya fi so, ki yi kwalliya, ki shigo, ki ga bai motsa ba. Kada ki shiga ɗaki ki yi kuka. Ki tambaye shi, ki yarda da abin da bakinsa ya faɗa. Haka ni ma ranar da za a fito da ke. Za ki durƙusa a gabana, in kin ɗaga mayafi za ki ga fuskar nan shiru, wataƙila har wasu su ce Malam Sale bai so auren ba. Ke kada ki saurare su. Ki kama hannuna, na hagun, za ki ji yana rawa fiye da kullum. Murna ce take sa shi haka.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah Ya sassauta wa mijinki, Ya ƙara masa ƙarfin zuciya, Ya ba ki haƙuri da lafiyar da za ki ji daɗin aurenki. Allah Ya tsare hanyar da za ki bi da wadda za ki riƙa biyowa in kin zo ganinmu. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Sale Direba, Tarai